Fom ya ce in rubuta lambar reshe, ni kuma a Kano na buɗe asusun

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina neman a fahimtar da ni. Mun yi bita ta kwana biyar ta malaman firamare a nan Gusau, yau aka raba mana fom na biyan alawus. Akwai gurbin suna, sunan banki, lambar asusu, sai wani gurbi mai akwati tara da aka rubuta sot kod. Na tambayi mai raba fom ɗin, ya ce lambar reshen bankina ce. To ni asusun nan tun ina karatu a Kano na buɗe shi, shekara goma sha ɗaya ke nan, aure ya kawo ni nan. Wacce zan rubuta, ta reshen Kano ko ta reshen Gusau da nake zuwa yanzu? Yaron da ke shagon kwamfuta ya ce in kwafi kowacce daga intanet, wata abokiyar aikina kuma ta ce in na kuskure lamba ɗaya kuɗin wani za su faɗa wa. Jibi Alhamis za a karɓi fom ɗin.

Ɗan Kwari: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni dai kullum sai na tura kuɗi Legas da Aba da Onica, wani lokacin sau ashirin a wuni, ban taɓa sa wata lambar reshe ba. Lamba goma, ka zaɓi banki, suna ya fito, shi ke nan. Ki bar gurbin haka nan kawai.

Hajiya Akanta: A'a Alhaji, kada ta bari. In fom ya zo mana da gurbi a buɗe, gefe muke ajiye shi sai mun nemi mai shi, kuma kafin a same shi an riga an biya sauran. Maman Khalifa, ta reshen da aka buɗe asusun ake nufi, ba reshen da kike zuwa ba. Kina da littafin cek?

Maman Khalifa: Ba ni da shi Hajiya, asusun ajiya ne.

Hajiya Akanta: To gobe ki shiga reshen Gusau ɗin, ki je teburin kula da kwastoma, ba wajen kashiya ba. Ki ba su lambar asusunki ki ce su rubuta miki lambar reshen da asusun yake. Kwamfutarsu ɗaya ce duk ƙasar, nan take za su gani. Ba a biyan ko sisi.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum. 'Yata, abin da Hajiya ta faɗa miki shi ne daidai, ki bi shi. Amma bari in yi ɗan dogon bayani, domin na yi shekara talatin da ɗaya a aikin banki, bakwai daga ciki a sashen musayar cek na yi su, kuma na ga an daɗe ana rikita mutane a kan wannan lamba.

Lambar reshe a Najeriya alƙaluma tara ce. Uku na farko su ne lambar bankin kansa, wadda Babban Banki ya ba shi. First Bank 011 ne, Union 032, UBA 033, Access 044, Zenith 057, GTBank 058, Fidelity 070, FCMB 214, Jaiz 301. Biyun da ke biye suna nuna yankin da reshen yake. Wanda ya saba riƙe cek zai lura rassan Legas 15 ke biyo bayan lambar banki, na Abuja 08, na Kaduna 11, na Kano 12, na Fatakwal 21. Sauran huɗun su ne na reshen. Ke nan ko ban ga takardarki ba, in dai asusun yana Kano har yanzu, bayan alƙaluma ukun bankinki 12 za ki gani.

Me ya sa aka ƙirƙiro ta? Saboda a da asusunka a reshe yake zaune, ba a banki ba. Katin sa hannunka yana cikin durowar reshen, littafin da ake rubuta shige da ficen kuɗinka yana can. In mutum ya kawo mana cek a Kaduna wanda aka rubuta a kan wani reshe na Inugu, takardar da kanta sai ta yi tafiya ta isa Inugu, a duba sa hannu, a duba ko akwai kuɗin, sannan amsa ta dawo. Makonni ake yi. Lambar nan da ke ƙasan cek, wadda ake bugawa da tawada ta musamman da na'ura ke karantawa, ita ce adireshin da ke faɗa mana jakar da za mu jefa takardar. In lambar ta kuskure, cek ya tafi garin da ba nasa ba, sai an dawo da shi a sake lale.

Ɗan Kwari: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ai kai ma ka ce a da. Yanzu fa?

Baba Mai Ritaya: Ina zuwa Alhaji, tsoho ba ya sauri a waya.

Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko, bankuna suka haɗa rassansu a kan kwamfuta ɗaya, musamman bayan haɗewar 2005 lokacin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, da bankuna 89 suka koma 25. Na biyu, a 2010 Babban Banki ya fito da tsarin NUBAN, wato lambar asusu ta bai ɗaya, aka tilasta shi a 2011. Kafin nan kowane banki da tsawon lambar asusunsa, wani goma sha ɗaya, wani goma sha biyar, kuma da yawa lambar reshe tana cikin lambar asusun. NUBAN ya mayar da kowa alƙaluma goma, babu reshe a ciki. A 2011 ɗin kuma kamfanin NIBSS, wanda Babban Banki da bankunan kasuwanci suka mallaka tare, ya fara tsarin tura kuɗi na nan take. Shi ne wanda kake amfani da shi a Kwari, Alhaji. Wannan hanya banki da lambar asusu kawai take buƙata. Don haka gaskiyarka, a tiransifa ta waya babu ruwanka da reshe.

Inda ka yi kuskure shi ne ɗaukar cewa hanya ɗaya ce. Ma'aikatu da ƙungiyoyi ba sa zama su tura wa mutum ɗari uku ɗaya bayan ɗaya. Jeri ɗaya suke haɗawa su miƙa, a biya a dunƙule, kuma tsofaffin hanyoyin biyan dunƙule irin su NEFT a kan lambar reshe aka gina su. Gurbin yana nan a jadawalinsu har gobe.

Mai POS na Sabon Gari: Baba na gode da wannan karatu, amma ni ina tare da yaron shagon kwamfuta. Na cike wa mutane fom ya fi ɗari, na tallafi, na bautar ƙasa, na ƙananan kwangila. Lambar hedikwatar banki nake sa wa kowa, kuma kuɗi na shiga. In dai uku na farko daidai ne, sauran shidan ado ne.

Hajiya Akanta: Ƙanina, rabin maganarka gaskiya ce. Ni ma na sha ganin an sa ta hedikwata kuɗi sun shiga, domin abin da ke kai kuɗi yau lambar banki ce da NUBAN. Wasu bankunan ma da kansu in ka tambaya ta hedikwata za su ba ka. Amma kalmar ado ba ta dace ba. Manhajar da muke loda jerin biya tana da jerin lambobin da ta sani. In ka ƙirƙiri shida na ƙarshe da ka, ko ka kwafo ta reshen da aka rufe, layin mutumin ja yake fitowa, ba ya wucewa. Sannan yaron bai ce ta sa ta hedikwata ba, cewa ya yi kowacce. Tsakanin maganganun biyu akwai tafiya.

Mai POS na Sabon Gari: Na yarda da wannan. Amma in ta hedikwata tana aiki, me zai sa a tura mace mai goyo ta je ta yi layi a banki?

Baba Mai Ritaya: Saboda daga ina za ta samo ta hedikwatar, ɗana? Daga shafukan nan da ke jera lambobi, waɗanda wani ya kwafa daga wani tun shekaru goma da suka wuce. Ka buɗe su ka gani, har yau za ka tarar da Oceanic da Intercontinental da Diamond a jere kamar suna nan. Ecobank ya haɗiye Oceanic tun 2011, Access ya haɗiye Intercontinental a 2012, ya haɗe da Diamond a 2019. Skye ya koma Polaris a 2018. Heritage kuwa an ƙwace lasisinsa a watan Yunin 2024. Jerin da bai san da waɗannan ba, ta yaya za ka amince masa a kan alƙaluma tara? In za ta sa ta hedikwata ban hana ba, amma daga bakin bankin ta ji, ko ta kira lambar da ke bayan katinta, ko ta duba shafin bankin na ainihi.

Maman Khalifa: Baba Allah ya saka da alheri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar abokiyar aikina. Da gaske in lambar ta kuskure kuɗin za su faɗa wa wani?

Baba Mai Ritaya: In kuskuren a shida na ƙarshe yake, a'a. Ko dai su shigo miki, ko a ƙi biya a dawo da sunanki. Haɗarin yana a uku na farko, da kuma lambar asusun kanta.

Ɗalibin Lissafi: Baba ka ba ni izini in ƙara a nan, don mun taɓa yin wannan a aji kuma abin ya ba ni mamaki.

A alƙaluma goman NUBAN, tara ne lambar mutum, na goman na tantancewa ne. Yadda ake samo shi: a jera lambar banki uku da lambar mutum tara, su zama sha biyu. A ninka su ɗaya bayan ɗaya da 3, 7, 3, 3, 7, 3, haka har ƙarshe. A tara jimla, a ga nawa ya rage ta cika goma ta gaba, wannan ragowar ita ce alƙalami na goma. Amfaninsa shi ne in yatsanka ya zame ka buga 5 a maimakon 6, lissafin ba zai tashi ba, na'ura ta ƙi.

To ga inda na tsaya. Ku ɗauki 011. Sifili sau 3 sifili, 1 sau 7 bakwai, 1 sau 3 uku, jimla 10. Ku ɗauki 033: 21 da 9, jimla 30. Ku ɗauki 044: 28 da 12, jimla 40. Duka ukun da sifili suka ƙare, ke nan gudummawarsu ga alƙalamin ƙarshe iri ɗaya ce. Ma'ana duk lambar da ta cika ƙa'ida a First Bank ta cika a UBA, ta cika a Access. Haka 058 yana ba da 59, 070 yana ba da 49, su ma sun yi canjaras. Wannan ba laifin kowane banki ba ne, alƙalami ɗaya fuska goma kawai gare shi, bankuna kuwa sun fi goma nesa ba kusa ba. Ba ina cewa dole akwai mai wannan lambar a ɗaya bankin ba, amma zai iya kasancewa, kuma lissafin ba zai hana ba.

Ɗan Kwari: Ikon Allah. Shi ya sa in na buga lamba a wata manhajar sai ta jero mini bankuna huɗu ko biyar ta ce in zaɓa?

Ɗalibin Lissafi: Shi ne dalili, Alhaji. Tana jero waɗanda lambar ta dace da lissafinsu ne.

Ɗan Kwari: To wannan ya taɓa cin kuɗina. Bara kafin ƙaramar salla yarona ya tura dubu ɗari huɗu da ashirin na atamfa. Lamba daidai, banki ya zaɓi na ƙasa da wanda ake nufi. Suna ya fito, bai karanta ba, shago cike da mutane. Wani bawan Allah a kudu kuɗin suka faɗa wa. Muka kai ƙorafi a rubuce, bankinmu ya rubuta wa nasa, aka riƙe kuɗin, amma aka ce ba za a cire ba sai da yardarsa ko da umarnin kotu. Sati bakwai muka yi. Allah ya sa mutumin kirki ne, da aka same shi ya sa hannu. Tun daga ranar dokar shagona ita ce a karanta sunan da ƙarfi mai kaya ya ji ya amsa, sannan a danna.

Hajiya Akanta: To ka ga abin da ya sa nake tsoron fom fiye da waya, Alhaji. Kai suna yana fito maka kafin ka danna. A jerin mutum ɗari uku ba kowane ofis ke bin layi-layi yana tantance suna ba. Mu muna yi, domin an taɓa ƙona mu. Wata shekara wani ma'aikacin wucin gadi ya rubuta sunan banki ɗaya a sama, ya kwafo lambar reshen wani bankin a ƙasa, wai ta abokinsa ce da suka zauna benci ɗaya. Wanda ya shigar da bayanan lambar ya bi, bai kalli sunan bankin ba. Aka yi sa'a babu mai irin lambar asusunsa a can, kuɗin suka dawo, amma sai da ya jira zagayen biya na wata mai zuwa. Shi ya sa in fom ya zo hannuna abu na farko da nake dubawa shi ne ko uku na farko sun dace da sunan bankin da aka rubuta.

Malam Na Tsangaya: Hajiya ki yi haƙuri, ni ina ganin laifin naku ne masu ofis. Tun 2011 aka ce reshe ya fita daga lambar asusu. Yau shekara nawa? Har yanzu kuna buga fom ɗin da kuka gada, kuna tayar da hankalin talakawa. Mahaifina da ya je tantance 'yan fansho, daga ƙauyenmu zuwa inda banki yake tafiyar awa biyu ce a mota, ya je ya dawo don alƙaluma tara kawai. Dattijo mai ciwon gwiwa. Ku da kuke da kwamfuta, in mutum ya rubuta sunan bankinsa me zai hana ku cike lambar da kanku?

Hajiya Akanta: Malam, ban ji haushi ba, kuma Allah ya ba Baba lafiya. Maganarka tana kan hanya. Ni a ofishinmu na yi haka, na cire gurbin daga fom ɗin da muke ba mutanen karkara, na ajiye jerin lambobin da bankunan suka ba mu a rubuce, mu muke cikewa. Amma ba kowane akanta ke da wannan ikon ba. Wani fom ɗin daga sama yake zuwa, in ka taɓa shi masu binciken kuɗi su ce ka sauya takardar hukuma. Akwai kuma dalili ɗaya da ba na raina shi: in mutum ya je banki aka rubuta masa lambar aka buga hatimi, mun san asusun yana raye kuma nasa ne. Asusu nawa ne aka daina amfani da su aka rufe, masu su ba su sani ba sai ranar biya?

Malam Na Tsangaya: Wannan ai BVN ta isa ta yi shi.

Baba Mai Ritaya: BVN tana nuna wane ne mutum, Malam, tun da aka fara ta a Fabrairun 2014 aikinta ke nan. Ba ta nuna ko wani asusu nasa ya yi barci. Amma a kan babbar maganar ina bayanka. Ni da na yi aikin nan da hannuna ina faɗa, a biyan kuɗi na cikin gida yau babu abin da reshe ke ƙarawa wanda sunan banki da NUBAN ba su bayar ba. Cek ma da aka yi lambar dominsa, tun 2012 aka fara daina yawo da takardarsa, hotonta ake turawa. Gurbin ya kamata ya fita daga fom ɗin talaka. Sai dai kafin ya fita, 'yata tana da fom a hannu kuma jibi za a karɓa.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa. Ina bin zancen tun ɗazu. Mu nan Nijar lambar reshe ba ta mutu ba ko kaɗan. In za a biya ka albashi ko kuɗin kwangila ta banki, takardar RIB ake tambaya, banki ke ba ka ita. Gurbi 24 ne: biyar na banki, suna farawa da NE, biyar na gishe wato reshe, sha biyu na asusu, biyu na mabuɗi. Mabuɗin nan shi ne kamar alƙalamin da ɗalibi ya yi bayani. Tsarin ɗaya ne a ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta BCEAO, wato babban bankinmu na haɗin gwiwa. Bambancinmu da ku, ba a ce ka rubuto da hannu, takardar kake kaiwa a yi kwafi. Ko da yake yawancin mutane a kasuwa ba ta banki suke aike ba, Nita ko Amana suke zuwa da lambar waya.

Hajiya Akanta: Wannan dabarar ta kai takarda ta fi tamu. Rabin matsalata rubutun hannu ne, 1 da 7, 0 da 6.

Ɗan Zangon Kumasi: Mu a Gana shida ce lambar, ba tara ba. Masu biyan albashi suna tambaya. Amma mu 'yan zango kusan komai a MoMo muke yi, wato asusun kuɗi na layin waya.

Auta a Ingila: A nan ma shida ce, ana rubuta ta bibbiyu, asusu kuma alƙaluma takwas. Bambancin shi ne a nan ko fam biyar za ka tura wa maƙwabcinka sai ka sa ta. Na faɗi haka ne saboda 'yan uwa a gida kan turo mini tambaya, wai wani fom na intanet ya ƙi karɓar lambarsu mai tara. In gurbin shida ne, fom ɗin na masu asusu a ƙasashe irin su Ingila ne, ba naku ba. Kada a yanke uku a cusa shida. Mai karɓar kuɗi daga waje lambar SWIFT ta bankinsa ake tambaya, mai harafi takwas ko sha ɗaya, wannan kuma wani zance ne daban.

Admin: Jama'a mu tsaya a kan biyan kuɗi na cikin gida don kada mai tambaya ta rikice. Na kuma goge saƙon wani da ya ce a turo masa lambar asusu da BVN ta akwatin sirri zai duba wa mutane lambar reshe. Ba ma yin haka a nan.

Baba Mai Ritaya: Madalla da ka goge. Lambar reshe ba sirri ba ce, tana jikin kowane cek, duk masu asusu a reshe ɗaya ita suke tarayya a kai. Ba wanda zai cire maka kuɗi da ita. Amma 'yan damfara sun gane mutane ba su san ta ba, sai su mayar da ita ƙofar shiga. Za a kira ka a ce albashinka ya maƙale saboda lambar reshe, a ce za a gyara, ka karanto lambar da ta shigo wayarka yanzu. Wannan lambar da ta shigo ita ce mabuɗin asusunka. Neman lambar reshe ba ya buƙatar lambar sirrin kati, ba ya buƙatar alƙaluman da ke jikin katin, ba ya buƙatar lambar da ake turowa ta saƙo.

Amaryar Funtuwa: Don Allah ni ma ga tawa. Ni OPay kawai gare ni, lambar wayata ce lambar asusun. Ba su da reshe a garinmu. In aka ba ni irin wannan fom me zan rubuta?

Mai POS na Sabon Gari: Anti wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a shagona yanzu. OPay da PalmPay lambar waya ce aka cire sifilin farko ta zama goma. Suna cikin tsarin tura kuɗi na nan take, amma lambar da aka san su da ita a can alƙaluma shida ce, ba irin ta reshe mai tara ba. Abin da nake faɗa wa mutane, su tambayi masu fom ɗin tukuna ko suna biya ta irin wannan asusun.

Hajiya Akanta: Haka ne. Ki tambaya kafin ki cike, ƙanwata. Wasu wuraren suna biya, wasu sun ce sai bankin kasuwanci. Kada ki ari lambar reshen wani banki ki haɗa da lambar wayarki don gurbi ya cika, wannan shi ne ainihin kuskuren da muke ta magana a kai tun safe. Kada kuma ki sa asusun maigida ko na ƙaninki ba tare da kin sanar da su masu biyan ba, domin in sunan fom da na asusu suka saɓa, mu dakatarwa muke yi.

Amaryar Funtuwa: Na gode Hajiya. Gobe zan kira su.

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Na je reshen Gusau da safe, minti ashirin na yi. Yarinyar da ke teburin ta duba ta ce reshen da na buɗe asusun a Kano an rufe shi shekaru huɗu da suka wuce, an mayar da mu wani reshen a cikin Kano ɗin. Ni ban taɓa sani ba, tunda kati yana aiki, alat yana shigowa. Ta rubuta mini lambar sabon reshen a takarda ta buga hatimi. Baba, bayan uku na farko 12 ce kamar yadda ka faɗa. Da na koma shagon kwamfuta don yin kwafi na ce yaron ya nuna mini wadda ya so ya sa mini jiya, sai ga ta tsohon reshen da aka rufe.

Ta kuma ce in ina so zan iya cike takarda a dawo da asusun Gusau, lambar asusuna goma ba za ta sauya ba, ta reshe ce kawai za ta sauya. Na ce sai an biya alawus ɗin tukuna.

Baba Mai Ritaya: Kin yi daidai da kika jinkirta, kada a sauya alhali fom yana hanya. Bayan an biya ki dawo da shi kusa da ke, domin akwai abubuwan da har yanzu wasu bankuna kan ce sai an tuntuɓi reshen da asusu yake, kamar gyaran suna ko sha'anin gado. In kin dawo da shi, ki kai sabuwar lambar ofishin da ke biyan albashinki su gyara a fayil ɗinki.

Maman Khalifa: In sha Allahu Baba. Na ɗauki hoton takardar na ajiye a waya. Malamai shida a makarantarmu bankinmu ɗaya, biyu sun ce za su kwafi tawa, na ce a'a, su a nan Gusau suka buɗe nasu. Gobe da sassafe za mu biya ta bankin tare kafin mu kai fom ɗin.